Hula, Riga ko Zobe: Wane Surfanin Hannu Za Ka Kama, Kuma Wajen Wa Za Ka Koya?

Wanda sha'awar surfanin hannu ta kama a ƙasar Hausa, hanyoyi uku ne a gabansa. Akwai ɗinkin hula, akwai aikin riga, akwai kuma ɗinkin ado da ake yi a kan yadin da aka ɗaure cikin zoben katako, irin na rigar matashi, zanen gado, mayafi da rigunan yara. Duka allura da zare ne, amma kowanne da irin hannun da yake so da irin lokacin da yake ci. Kafin a sayi ko allura ɗaya, tambaya biyu ya kamata mutum ya amsa wa kansa. Minti nawa nake samu a zama ɗaya ba tare da an tashe ni ba? Wa zai riƙa duba min hannu idan na karkace? Amsar nan ita ke raba aikin da za a gama da wanda zai shekara a ƙasan akwati da allura soke a jikinsa.

## Ɗinkin zobe

Shi ne mafi arhar shiga, kuma shi ya fi yafe kuskure. Kayan farawa kaɗan ne: zobe mai faɗin inci 6, yadin auduga wanda ba ya miƙewa kamar alawayyo ko akoko, zare mai sili shida, allura mai dogon ido, ƙaramin almakashi mai tsini, da fensir. Zobe mai inci 8 ko 10 yakan burge sabon shiga don yana ɗaukar zane gaba ɗaya, sai dai yatsun hannun da ke riƙe da shi ba sa kaiwa tsakiya ta ƙasa, wuyan hannu kuma ya gaji tun ba a je ko'ina ba. Gara ƙarami, a riƙa gusar da shi.

Zaren kamfanin DMC da na Anchor suna zuwa a ɗauri na mita 8, kowane launi da lambarsa a jikin takarda. Lambar nan ita ce rabin amfanin tsadarsu, domin in zare ya ƙare a tsakiyar aiki ana samun irinsa. Sili biyu ko uku aka fi ɗinki da su, da allura lamba 7. Sili ɗaya yana son lamba 9 ko 10, sili shida kuwa lamba 3. A allura, in lamba ta hau, kauri ya sauka. Idan allura ta yi wa zare ƙanƙanta, ramin da take buɗawa ba ya isar sa, sai ya riƙa gogar yadi yana fitar da gashi har ya tsinke. Idan ta yi girma, ta bar huji a gefen kowane ɗinki.

A wanke yadi a goge kafin a zana komai. Akoko musamman yana tsukewa a wankin farko, in ya tsuke bayan an gama aiki sai adon ya kumbura ya ƙi kwanciya. A yanka shi ya zarce zobe da inci 2 ta kowane gefe, a naɗe zoben ciki (zoben biyu ne, na ciki da na waje mai noti) da siririn ƙyalle don ya kama da kyau, a ɗaure noti, sannan a ja yadin bi da saƙarsa, tsaye da kwance, har ya yi tauri kamar fatar ganga. Jan kusurwa yana karkatar da saƙa, da'irar da aka ɗinka ta fito a gurguje bayan an kwance zobe.

Tsawon zare kada ya wuce santimita 45, wato daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu. A zaro sili ɗaya-ɗaya sannan a haɗa adadin da ake so. Wanda ya tsaga biyu a lokaci guda zai sha sarƙewa. Ba a ƙulla gindin zare: a bar wutsiya ta santimita 3 a baya, ɗinkin farko huɗu ko biyar su danne ta.

Ɗinki biyar sun ishi mai koyo a watanni biyun farko, kuma jerinsu da dalili. Koma-baya ne farko, inda allura ke komawa baya ta soka a ƙarshen takun da ya wuce, taku milimita 2 zuwa 3, don ido ya saba da tazara. Sai na igiya, wanda ake yin karan fure da rubutu da shi. Sharaɗinsa ɗaya ne, zaren da ke lilo ya zauna gefe ɗaya na allura daga farko har ƙarshe, in an sauya gefe a tsakiya layin ya karye. Sai sarƙa, wadda jan zare da ƙarfi ke rufe wa ido ta koma siririn layi. Sai ɗinkin cike, inda zare ke kwanciya gefe da gefe. A fara zagaye siffar da koma-baya, a cike daga tsakiya zuwa gefe, kuma kada taku ɗaya ya wuce santimita 1, don dogon zare yana saki, farce ko ɗan kunne ya kama shi. Na ƙarshe ƙulli: a naɗa zare sau biyu a allura, a soka kusa da ramin da aka fito, ba cikinsa ba, in ba haka ba ƙullin ya bi ramin ya faɗa baya.

Fure mai girman tafin hannu yakan ci awa uku zuwa biyar a hannun mai koyo, kuma ana iya ajiye shi a kowane taku a tashi. In an yi kuskure a warware, a murza wurin da farce, saƙar auduga ta koma yadda take. Rauninsa a kasuwa yake. Aikin kwamfuta da zannuwan gado masu hoto sun karya farashin wannan ado, ba kasafai mai saye ke biyan awannin da aka zuba ba. Aiki ne na gida, na kyauta, na kayan ɗakin amarya. Ga kuma zaren da ba shi da lamba, wanda ja da shuɗinsa kan zuba. A jiƙa guntunsa a danna kan farin ƙyalle kafin a fara, in ya bar tabo a ajiye shi gefe.

## Ɗinkin hula

Hula ba ta son zobe. A hannu ake riƙe ta, tana shiga aljihu ko jaka, shi ya sa ake ganin masu ɗinkinta a ƙofar gida, a tsakar gida, a rumfar kasuwa. Sunayenta da yawa: ƙube, Zanna Bukar, damanga, tangaran, 'yar Bama, da sababbin da kasuwa ke raɗawa duk Sallah. Borno ta yi suna a wannan aiki. Bayan da Boko Haram ta kama garin Bama a 2014, masu ɗinkin garin da dama sun koma Maiduguri, allurar nan kuwa ta riƙe gidaje masu yawa a sansanonin gudun hijira. A Kano, mai son ganin bambancin hannu da hannu ya shiga layin masu hula a Kasuwar Kurmi ya jujjuya goma, ya fi a yi masa bayani.

Sassanta biyu: jiki, wato tsirin da ke zagaye kai, da da'irar sama. Ana auna kai da tef ta goshi, a bi saman kunnuwa. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin inci 21 da 24. Tsayin jiki kuwa inci 4 zuwa 5 ne, gwargwadon yayi. Faɗin da'irar sama ana samun sa ne in an raba zagayen kai da 3.14, wato kai mai inci 22 yana son da'ira mai faɗin inci 7. A wajen yanka ake fara faɗuwa. Wanda ya yanka tsiri inci 22 cif don kai mai inci 22 ya yi wa yaro hula, domin ɗinki mai cika yana cinye yadi, ga kuma haɗi. A ƙara rabin inci don haɗi, da wani rabin inci zuwa inci ɗaya don abin da zare zai ja. Mai hannu mai ƙarfi ya ɗauki inci ɗayan. A hular farko ma dai, gara a sayi wadda aka riga aka yanka, aka ninka, aka zana. Zane sana'a ce daban, ba dole a haɗa koyonsa da koyon allura ba.

Kusan ɗinki ɗaya ake maimaitawa, ƙaramin ido. Allura na fitowa a gefe, ta koma rami ɗaya a tsakiya, ana zagayawa ana ɗan ja har ramin ya buɗe, zare ya kewaye shi, sai a wuce na kusa da shi ya jingina da na farko. A baki abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen yawa. A ɗauki hula mai zagayen inci 22 da tsayin inci 4 da rabi: jikinta inci 99 ne murabba'i, samanta kusan 38, jimilla kusan 137. In ana sa ido 6 a kowane inci, tsaye da kwance, idanu sun kusa 5,000. In aka matse zuwa 8 a inci, sun kai wajen 8,800. A ce kowane ido ya ci daƙiƙa 20, mai matsin nan ta ci awa 49, mako bakwai ke nan ga mai awa ɗaya a rana. Sabon hannu ya ninka lissafin. Wannan shi ne sirrin tazarar kuɗi tsakanin huluna biyu masu zane iri ɗaya, kuma shi ya sa bai kamata hular farko ta zama mai ƙananan idanu ba.

Abin da ke ɓata hula sanannen abu ne. Na farko rashin daidaiton ƙarfin ja. Da safe hannu da ƙarfi, da yamma ya saki, sai idanu su fito wasu a buɗe wasu a rufe, kuma a launi mai haske ba ya ɓoyuwa. Na biyu lanƙwasa. Wanda ya cike gefen ƙasa na tsiri tun daga farko har ƙarshe kafin ya taɓa na sama, gefe ɗaya zai fi ɗaya gajarta, tsirin ya gantsare, hula ta fito baki a tsuke. Maganinsa a fara bin layukan zane duka da zaren da ya fi duhu, sannan a cike launuka gida-gida ana rarrabawa, fili ya zo a ƙarshe, kuma duk bayan 'yan kwanaki a shimfiɗa tsirin a auna gefe biyun da tef. In bambanci ya kai kwatan inci, a koma gefen da ya fi tsawo a yi aiki a can.

Na uku tawadar zane. Biro da alƙalamin launi suna narkewa a wanki, su hau farin zare ko ruwan madara su dusar da shi. In hular mai haske ce a nemi a zana da sauƙin hannu, ko a diga ruwa a gefen zanen a gani kafin a fara. Na huɗu zaren kansa. Wanda kasuwa ke sayarwa da sunan siliki yana da sheƙi amma yana da santsi da murɗewa, a yanka shi gajere, santimita 30 zuwa 35, a riƙa sakin allura tana lilo don murɗin ya warware. Da hunturu, kaushin yatsa na tsinkar silinsa, man shafawa kuma na barin tabo. A shafa mai da dare, a wanke hannu kafin zama. Goro, manja da sabon lalle ba su da wuri kusa da hula.

Haɗi ma gwaninta ne. Zanen bakin tsiri biyu dole ya gamu daidai, da'irar sama kuma a raba ta gida huɗu da alama, a raba bakin jiki gida huɗu, a kama alama da alama kafin a ɗinke, in ba haka ba rarar yadi ta taru wuri ɗaya ta yi tattara. Daga nan sai wajen mai wankin hula, ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora a kan itacen da aka sassaƙa daidai girman kai, ya goge. A gaya masa lambar kan, don itacen da ya yi girma yana buɗa haɗi.

Abin da hula ta fi sauran biyun da shi: in ta yi kyau tana da mai saye a kowane gari, in ba a sayar ba kuma akwai kan da zai sa ta a gida. Abin da ta gaza: tana gundura. Wanda ke son sabon ɗinki kowane mako zai ƙosa tun a rubu'in farko.

## Aikin riga

Nan ne ƙololuwa, kuma nan ne masu sha'awa suka fi yin asarar yadi. Babbar riga da 'yar ciki da wando sukan ci yadi 10. Aikin yana zaune ne a babban aljihun da ke ƙirjin hagu, da wuya, da tambari, wato adon da'ira, da ke dama da kuma bayan riga. A zanen da ake kira aska biyu, siffar askake biyu dogaye ce ke sauka ta gefen wuya. A aska takwas an ƙara musu shida, uku-uku. Ga linzami a gindin wuya, ga sharaba, ga gidan biyar, ga dagi, kowanne da irin ɗinkinsa: sarƙa, ido, shimfiɗa zare a danne shi da wani, da saƙar allura mai raga irin ta shabka. Rigunan sarauta na da, da zaren tsamiya ake musu, wanda ake samu daga gidan wata tsutsar daji, a dafa a kaɗa da hannu, ko da alharini. Yanzu auduga da siliki na kanti sun fi yawa.

Ko a birnin Zariya, inda wannan aiki ya kafu, mutum ɗaya ba ya yin riga shi kaɗai. Tela ya yanka, mai zane ya zana, masu surfani su cika, wani lokaci sashe-sashe a hannu daban-daban, tela ya haɗa, masu wanki da bugu su fito da sheƙi. Aikin hannu mai cika watanni yake ci ko a hannun gwanaye. Mai sha'awa da ya ce zai haɗa duk wannan a ɗakinsa da awa ɗaya a rana ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa.

Shadda kuma ba ta yafiya. An matse saƙarta an goge fuskarta, don haka duk inda allura ta shiga ramin yana nan. In an warware kuskure, sawun yana bayyana, murza farce ba ya mayar da shi. Ɗigon ruwa ko gumi yana kashe sheƙin wurin. Turin allura a ninki biyu ko uku yana huda yatsa, sai da abin kare yatsa na ƙarfe ko na fata. Nauyin rigar ma yana jan wurin da ake aiki, shi ya sa ake naɗe sauran a ɗaure, a bar fili kaɗan a buɗe kan gwiwa.

Akwai tsaka-tsaki, kuma ita muke ba mai sha'awa shawara. A ɗauko zanen riga a sa shi a ƙaramin abu: tambari ɗaya a rigar matashi mai faɗin inci 16, dagi a jaka, ko wuya da aljihun kaftanin yaro a yadin auduga. Matan Zariya na ƙungiyar Queen Amina Embroiderers, wadda aka kafa a 1994, sun nuna cewa adon riga yana zama daram a kayan ɗaki. Tambari shi kaɗai makaranta ne: a zana da'irar waje da zare da fensir daga tsakiya, a fara ɗinki daga ciki ana fita, tazarar layi da layi ta zama ɗaya. In an ja zare da ƙarfi a zagayen ciki, tsakiyar ta taso ta yi tudu, guga kuma ba ta kwantar da ita.

## To wanne?

Mai minti 15 zuwa 20 a tsakanin ayyuka, wadda yara ke kira ko wanda ke jiran masu ciniki a shago, hula ta fi dacewa da shi da zarar hannu ya zauna, don babu ɗaure zobe babu kwancewa, babu tunanin wane ɗinki ke gaba. Mai awa ɗaya ko biyu a natse ƙarshen mako, mai son launi da sauyi, ya kama zobe. Wanda bai taɓa riƙe allura ba, ko da hula yake nufi, ya ba zobe mako huɗu zuwa shida tukuna. Ƙarfin ja da tazara a can ake koyonsu da arha, kuskure a akoko ba ya sa kuka. Mai son kuɗi ya fito daga abin, hula ce. Riga kuwa sai wanda ya gama hula biyu ko uku, ko ƙananan ayyuka masu zanen riga, kuma yana da gwani kusa.

Ido ma yana da ta cewa. Wanda ya haura 40 ya fara nisanta takarda kafin ya karanta, ya nemi tabarau kafin ya shiga hula mai ƙananan idanu ko baƙin zare a kan yadi mai duhu. Zobe da sili uku a farin yadi ya fi sauƙi a gare shi nesa ba kusa ba.

## Wajen koyo

Zama gaban gwani, a zaure ko a tsakar gidan maƙwabciya, shi ne tsohuwar hanya, kuma ga hula da riga babu madadinsa. Yadda ake naɗa yadi a manuniya, inda babban yatsa ke dannawa, ƙarfin ja, duk abubuwa ne da sai an kama hannunka an gyara. Aibinsa ga mai sha'awa shi ne tsarin almajiranci. Maigida zai ba ka cikon fili a aikinsa ka yi wata da watanni, ka ƙware a ido ɗaya amma ba ka taɓa yanka, zane ko haɗi ba. Ga mai neman sana'a daidai ne. Ga mai sha'awa, gara a yi magana tun farko cikin ladabi: Malam, ko Hajiya, ga hulata na sayo, zan riƙa zuwa sau biyu a mako a duba min, ga abin da zan iya bayarwa. Kuma a roƙi a nuna haɗi a kan hularka ta farko, kada a karɓa a haɗa maka a bayan ido.

Aji a cibiyar koyar da sana'a, ta ƙaramar hukuma ko ta wata ƙungiya ko ta mai zaman kanta, ya fi tsari: rana sananniya, jerin darasi, abokan koyo da ke sa mutum ya ji kunyar fashi. Ya fi dacewa da zobe. Sai dai a yi tambaya kafin a biya. Surfanin na hannu ne ko na keke? Wurare da yawa in sun ce surfani keke suke nufi, ko su cusa shi mako ɗaya cikin kwas ɗin tela, saƙar kwarashi da haɗa sabulu. Mutum nawa ne a aji? In sun wuce 8 zuwa 10 ga malama ɗaya, ba za ta iya zagayawa ta duba hannun kowa ba, an koma kallo. Kuɗin ya haɗa da zare da yadi? Ana koyar da wanki da guga da gama baki, ko a fure ake tsayawa? Sannan a nemi ganin aikin malamar a juya bayansa. Baya mai tsabta, babu ƙulle-ƙulle, babu zare mai tsallaka fili fiye da santimita 1, shi ke nuna wadda za ta koya maka hali mai kyau. Bahago kuma ya faɗa tun ranar farko, ya zauna fuskantar malama maimakon gefenta.

Bidiyo a YouTube ko TikTok yana koyar da ɗinkin zobe sosai, tunda ɗinkunan iri ɗaya ne a ko'ina a duniya, ko ba ka jin harshen mai yi, hannunsa kake kallo. A zaɓi wanda aka ɗauka ta saman kafaɗa, yadda hannunsa ke fuskantar inda naka ke fuskanta. A rage gudu zuwa rabi, a sauke shi a waya don kada data ta ƙare a maimaici. Abin da bidiyo ba ya yi shi ne ya ce maka ka ja da yawa. Don haka ko mai koyo ta waya ya kai aikinsa gaban wanda ya iya, sau ɗaya bayan mako biyu na farko, sau ɗaya kafin ya fara babban aiki.

## Riƙon aikin da ke hannu

Aiki biyu a lokaci guda sun isa: dogo ɗaya kamar hula, da gajere ɗaya na zobe da za a huta a kansa. Na uku shi ke kashe na farko. Kowanne da jakarsa ta ƙyalle, a ciki da takarda mai lambar zare, adadin sili da lambar allura, don bayan hutun wata guda ba mai tunawa. A cire allura daga yadi duk tashi, musamman da damina, tsatsarta ba ta fita. A kwance zobe ma, in ya kwana a ɗaure yana barin da'irar datti da karaya. Alƙalamin zane mai gogewa da zafi yana ɓacewa in an bar aiki cikin mota a rana, mai gogewa da ruwa kuma yana dusashewa da laima, in aka yi masa guga kafin a wanke sai ya zauna. Fensir siriri ya fi su aminci a farin yadi.

Baƙi da shuɗi mai duhu a yi su da hasken rana, a bar masu haske wa fitila mai caji da dare. Wanki da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ban da bilic, guga ta baya a kan tawul don ado ya taso.

Mai nufin Sallah ya ƙirga da baya, ba a fafe gora ranar tafiya. Hula mai awa 50 ga mai awa ɗaya a rana tana son a fara wata biyu kafin ranar, a ware mako guda na haɗi da layin mai wanki, wanda kan cika maƙil a goman ƙarshe na azumi. Zaren fili kuwa a saye shi gaba ɗaya rana ɗaya a shago ɗaya, da rarar kwarkwaro ɗaya a kai, domin zaren hula da yawa ba shi da lamba, kuma fari na wannan kwali ba lalle ya zama farin na gaba ba.